Kwanon Alwalata da Karen Fadar Sin

Mu shida ne a falon ranar, in an haɗa da shi. Akwai ni. Akwai 'yata mai jego, kwananta ashirin da shida da haihuwa, tana zaune a kan katifa da ɗaurin ƙirji. Akwai jaririyar, tana barci a cinyata. Akwai matar likita, 'yar garinmu, da ta zo barka a makare da kular farfesu. Akwai surukina, wanda ba ya shigowa falo in ina ciki, yana tsugune a bakin ƙofar kicin yana kwance tukunyar gas da ta ƙare. Sai kuma shi, kwance a gefen dardumata, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa na gaba, yana minshari ido buɗe.

Wankan jego ne ya kai ni Riyad. 'Yata nas ce a wani asibiti, mijinta kuma direba ne, yana tuƙa wata Baturiya a Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Haihuwar fari ce, kuma aiki bai bar ta ta zo gida ba, sai suka yi mini takardar ziyara na je musu da busasshen ganyen darbejiya, da kanwa, da yaji, da kwanon silba da nake alwala da shi tun mijina yana raye. An yi mini alkawari in an yi arba'in za a kai ni Umara. Shi ne abin da nake lissafi kullum. Ban taɓa ganin Ɗakin Allah ba, kuma na yi niyyar in isa can da tsarkina cikakke.

Gidan nasu ɗaki biyu ne da falo a bene na uku, kusa da unguwar Dira. Banɗakin haɗe yake da wurin wanke fuska, ni kuwa ba na ambaton sunan Allah a inda ake kama ruwa, ga gwiwa ba ta barina tsayuwa. Sannan ruwan famfonsu a lokacin zafi sai ka ce daga kan murhu aka sauke shi. Wannan ya taimake ni wajen wankan mai jego, amma bai yi wa alwala ba. Saboda haka da na idar da salla sai in cika kwanona, in ajiye shi a ƙasa a ƙarƙashin esi ya huce kafin wata sallar. A zaune nake alwalata, da roba a gabana.

Washegarin suna surukina ya shigo da wani kwando mai murfi. Ina daga ɗaki na ji yana yi wa matarsa bayani ƙasa-ƙasa: Madam, Baturiyar da yake tuƙawa, ta tafi hutu ƙasarsu na wata guda, 'yar aikin da ke kula da dabbarta ita ma ta tafi, an ce shi zai riƙe. Iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, a dalilin aikin matar nan take, ba shi da bakin cewa a'a. Na ɗaga labule na leƙa. Abin ya fito daga kwando a hankali, gashi har ƙasa, fuska a shafe.

To, maƙwabciyarmu ta ƙofa da ƙofa, wata tsohuwar Balarabiya, tana da wata farar kyanwa mai dogon gashi, ita ma fuskarta a shafe kamar ta yi karo da bango. Kullum ina ganinta a taga. Da na ga na cikin kwandon sai na ce, ashe irin kyanwar maƙwabciya ce. Na ƙara da cewa gara ma da kyanwa ce, don da kare ne da yau ɗin nan za a mayar da ni filin jirgi.

Surukina yana tsugune, kansa a ƙasa. Bai ce komai ba sai, "Allah ya ƙara girma, Inna." 'Yata ta buɗe baki, ta dubi mijinta, ta rufe. Na ga wannan da idona, amma na ɗauka gajiyar suna ce.

Ni ba mace ba ce da abu ke wuce wa. Na riƙe gida mai mutum goma sha huɗu, kuma in yaro ya taɓa tukunya ina ganewa daga yadda ya mayar da murfin. Ko allo ban riƙe ba, balle boko; sallata da tsarkina a bakin kakata na koye su, kuma ita ta ce mini sauran ruwan kyanwa ba ya ɓata alwala, na kare kuwa ko kusa. Shi ya sa har yau nake juya kwana goma sha taran nan a raina. Babu abin da ban gani ba. Sai dai kowane abu na gani, sai in nemo masa dalili da kaina.

Girmansa bai wuce na babban zakara ba, amma in ka ɗaga shi sai ka ji nauyi, duk a gaba. Gashinsa launin zuma ne, ya taru a wuya da kafaɗa kamar an yafa masa mayafi, ya zubo ya rufe ƙafafu. Fuskar baƙa ce, hanci ya shige tsakanin idanu, da wata ninkakkiyar fata a samansa. Idanun manya ne, zagaye, sun ɗan turo waje, kullum kamar an faɗa masa wata magana yana jiran a janye ta. Wutsiyar a kan baya take, a baje kamar mafici. Ƙafafun gaba gajeru ne, gwame, in yana tafiya sai ya riƙa rangaji hagu da dama kamar mace mai jiki ta sha ado za ta gidan biki.

Na lura kunnuwansa ba a tsaye suke ba, a zube suke cikin gashi. Na ce nauyin gashin ne ya kwantar da su. Na lura ba ya hawa komai, ko kujera sai an ɗora shi. Na ce tsufa ne, ni ma ba na hawa. Na lura ba ya lasar hannu ya wanke fuska, in ya ji zafi kuma sai ya zaro harshe yana haki, kuma farcensa na ƙara a kan tayil in yana tafe. Minsharin nasa na ɗauka gurnanin kyanwa ne. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne safe da yamma surukina yana sa shi a kwando, ya rufa tawul don kada mai gadin benen ya gani, ya sauka da shi mota. Na tambayi 'yata, wace irin kyanwa ce sai an kai ta bayan gida a mota. Ta ce, "Inna, haka nasu na can suke." Ban sake tambaya ba, don abubuwa da yawa a ƙasar haka nasu suke.

Halinsa ne ya sa na sake da shi. Ba ya roƙo. Kwana biyu na farko ko abincinsa bai kalla ba, ya kwanta yana fuskantar ƙofa. Surukina ne ke zuba masa abinci, shi ke fita da shi, amma in ya kira shi sai ya dube shi ya kau da kai. 'Yata kuwa kamar ba ta gidan. A kwana na uku ina zaune ina jan carbi, ya taso da rangajinsa ya tsaya a gabana ya ƙura mini ido. Ni ma na ƙura masa. Da muka gaji sai ya kwanta a gefen dardumar, daga nan wurin ya zama nasa.

Ba na iya ganin gashi a cukurkuɗe, ko na waye. Na samo tsohon matajin 'yata na riƙa taje shi kowace hantsi, ina goge masa ninkin fuskar nan da tsumma don yana tara danshi. Yana tsayawa cak kamar amarya a gaban mai kitso. In na ja da ƙarfi sai ya juyo ya dube ni, in ba shi haƙuri. Na ba shi dambun nama a tafin hannuna, ya lashe har tsakanin yatsu. In jaririya ta yi kuka ina kicin, zai zo bakin ƙofa ya tsaya yana kallona har sai na ajiye abin da nake yi. Ba ya tsoron komai. Injin sharar nan mai ƙara da ni kaina nake matsawa in an kunna, shi a gabansa yake tsayawa, sai dai a kewaye shi.

Kuma yana shan ruwa a kwanona. Yana da nasa kwanon a kicin, amma nawa ya fi sanyi. Sau nawa ina kallo yana sha, in jira ya gama, in jawo kwanon in yi bisimilla in kuskure baki da sauran. In na tayar da salla kuma yana nan a gefen darduma, wani lokacin gemunsa a jiƙe a kan inda nake sa goshi.

Haka muka yi har ranar nan da na fara da labarinta, ranar da muke mu shida a falo. Matar likita tana ba mu labarin wata haihuwa, sai tukunyar gas ɗin ta kuɓuce wa surukina ta faɗi a kan tayil da ƙara kamar an buga ƙararrawa. Abin nan ya miƙe tsaye, gashin wuyansa ya tashi, ya yi haushi sau uku. Murya ce babba, a dishe, wadda ba ta yi kama da jikinsa ba. Sannan ya koma ya kwanta.

Matar likita ta yi dariya ta ce, "Au, ashe yana haushi. Tun da na zo na ɗauka kurma ne."

Na ce, "Wa?"

Ta ce, "Karen mana, Inna."

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ina kallonsa ba. Gashin nan ne, fuskar nan ce, babu abin da ya canja, amma na kasa mayar da shi kyanwa, na kuma kasa ganin kare. Karnukan da na sani jajaye ne, dogaye, ramammu, suna kwana a bayan zaure, suna bin mafarauta, ana jifansu su gudu. Na miƙa wa 'yata jaririyar.

Na ce, "Ke. Tambayi mijinki mene ne wannan ya kawo mini."

Tsakanina da shi bai fi taku biyar ba, amma ba a yin irin wannan magana kai tsaye da suruki. Shi ma bai dube ni ba. Tukunyar gas ya fuskanta ya ce a gaya wa Inna kare ne, kuma ya so ya faɗa tun ranar farko, sai dai Inna ta riga ta ce kyanwa ce, shi kuwa bai san ta inda zai ce wa Inna ba haka ba ne. 'Yata ta fara hawaye, ta ce ita tsoro ta ji kada in tafi in bar ta da ɗanyen jiki. Sun yi shawarar su bari sai Madam ta dawo, a mayar da shi, magana ta mutu. Game da kwanon kuwa, ta rantse ba su taɓa lura ba. Tana ɗaki da jaririya, mijin kuma ba ya shiga falo.

Matar likita ta so ta sanyaya mini rai, sai ta ciro waya ta fara karanto mini asalinsa. Ta ce sunan irinsu Fekinis, daga babban birnin ƙasar Sin. Ta ce shekaru aru-aru a fadar sarakunan can kawai ake kiwonsu, talaka bai isa ya mallaka ba, wanda ya sata kuwa ransa ne a bakinsa. Da gangan aka yi ta haɗa su har suka fito da wannan siffa, don su yi kama da zakin da suke sassaƙawa a ƙofar wuraren bautarsu. Ƙananan cikinsu a hannun riga ake ɗaukarsu, irin rigunan nan masu faɗin hannu. Sai da sojojin Turawa suka shiga fadar suka kwashi wasu, sannan duniya ta san su. Har tatsuniya ta karanto, wai zaki ne ya so wata 'yar ƙaramar birinya, ya roƙa a rage masa jiki a bar masa zuciyarsa.

Na ce mata da safe kyanwa ce, da azahar kare, yanzu kuma ga zaki ga biri, ta tsaya haka nan kafin a kai ga kura. Na tambaye ta aikin me yake yi, gadi ko farauta. Ta ce babu ko ɗaya, zama kawai yake da mutum. Wannan ma ban gane ba, a ce an ɓata ɗaruruwan shekaru ana gyara kare don ya zauna. Amma na tuna yadda yake kau da kai in an kira shi, na ce lallai wannan a fada ya tashi.

Duk wannan ba shi ne damuwata ba. Na ce musu, sallata fa? Kwana goma sha tara ina kuskure baki da sauran ruwan kare, ina sa goshi inda ya sa baki. In alwalar ba ta yi ba, ai ban yi salla ba tun washegarin suna, kuma a haka nake shirin zuwa Ɗakin Allah.

Matar likita ta ce a karatun mata da take zuwa a masallacin unguwarsu an koya musu yawun kare najasa ne, kwano sai an wanke shi sau bakwai, na farko da ƙasa. Game da sallolin ta ce ba ta sani ba, kada ta faɗi abin da za a kama ta da shi.

Surukina ya kira wani ɗan garinsu da ke karatun addini a nan Riyad, ya sa wayar a bakin ƙofa ya buɗe murya. Yaron yana da ladabi, sai dai rabin maganarsa Larabci ne, sai na ce ya maimaita. Ya ce a mazhabar da muka tashi a kai a gida, kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa. A zubar da ruwan, a wanke kwanon sau bakwai, ba sai da ƙasa ba, sallolina kuma suna nan daram. Mutanen nan ƙasar, in ji shi, wata mazhabar suke bi, su ma da hujjarsu.

Na ce, "Ɗan nan, in ba shi da datti, wankin bakwai na mene ne?"

Ya ce, "Bin umarni ne kawai, Hajiya, ba don datti ba."

Na ce masa ban je Hajji ba tukuna. Na kuma tambaye shi, ni da nake tsaye a ƙasarsu ina salla, tawa za a duba ko tasu. Ya yi dogon bayani. Na gode masa, amma ban fita da komai ba.

Sai na sa aka kira mini yayana a gida, shi ke jan salla a masallacin ƙofar gidanmu. Ya fara da tambayar abin da ya kai kare ɗakin mai jego, muka ɓata lokaci a kan wannan. Daga nan ya ce in rama duka. Ba a jima ba ya sake kira ya ce in dakata tukuna, zai tambayi wani malami. Ranar dai bai ƙara kira ba.

'Yata ta lissafa a waya ta ce salla casa'in da biyar ne. Ban yarda da waya ba, na sa ta kawo mini wake, na jera biyar-biyar har tsibi goma sha tara a kan tire, na juye su a kofi. La'asar da magariba da isha a tsaye na yi alwala a famfon kicin, da ruwan zafi, gwiwata tana kuka, na yi salla a ɗakin 'yata a kan wankakken zane. Bayan magariba surukina ya aiko matarsa ta gaya mini gobe zai kai karen wurin mai gadin gidan Madam, ya zauna a rumfarsa har ta dawo, saura kwana goma sha ɗaya. Na san rumfar ba ta da esi, matar likita kuma ta karanto cewa zafi yana kashe masu irin wannan hancin. Ban ce a kai shi ba, ban ce a bar shi ba. Shi kuwa yana kwance a wurinsa na kullum, gefen inda darduma take a da, yana kallon tayil.

Washegari da gari ya waye na sa abayata na ɗauki wani kofi na sauka neman ƙasa. Ban taɓa zaton za a nemi ƙasa a rasa a garin da aka ce hamada ne ba. Ko'ina kwalta da tayil. Na bi layin har kusa da masallaci kafin na sami gindin wani dabino, na duƙa na ɗebo. Mai gadin benen ya bi ni da kallo, na bi shi da nawa, ya sunkuyar da kai.

Na wanke kwanon sau bakwai, na farko da ƙasa, don in na matar likita ne daidai na yi, in na ɗalibin ne ma na yi. Na wanke dardumar na shanya. Na ɗauki kofin waken na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na tayar da azahar ɗin washegarin suna. Har yau ban san ko ramuwa na yi ba ko nafila.

Ina cikin raka'a ta biyu, ko ta uku, sai na ji hucinsa ta ƙarƙashin ƙofa. Bai yi haushi ba, bai karci ƙofar ba, numfashi kawai yake. Shekara da shekaru ban yi rafkanwa a salla ba, ranar sai ga ni tsaye ban san nawa na yi ba. Na gina a kan biyu, na cika, na yi sujadar rafkanwa bayan sallama. Sannan na tashi na buɗe ƙofar, na ɗauko matashi na shimfiɗa a ƙasa, kamu biyu daga bakin zanen. Ya shigo da rangajinsa, ya dubi matashin, ya dube ni, ya kwanta a bayan matashin bai tsallake shi ba.

Na kira 'yata na ce ta gaya wa mijinta ya ajiye kwandon nan inda ya ɗauko shi, in zai fita kuma ya sayo mini buta mai murfi. Na cika kwanon silbar da ruwa na kai ƙarƙashin esi na ajiye a ƙasa, don na san can zai nema. Na dawo na cire ƙwayar wake ɗaya daga kofin na sa a gefe, na tayar da la'asar.